Yadda Za Ka Bi Hanyar Jiragen Yaƙi ta Takoradi Zuwa Alƙahira a Manhajar Kwaikwayon Tuƙin Jirgi

Duk lokacin da masu sha'awar tuƙa jirgi a kwamfuta suka ɗauko zancen Yaƙin Duniya na Biyu, hankalinsu yakan tafi sararin samaniyar Ingila a 1940, ko tsibiran tekun Pasifik, ko filayen Rasha. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a wancan zamani dubban jiragen yaƙi sun ratsa ta saman Zariya da Kano da Potiskum da Maiduguri, suna kan hanyarsu ta zuwa fagen daga a Masar da Libiya. Wannan jagora na wanda yake so ya sake bin hanyar ne a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, kuma ya bi ta da kayan aikin da mutanen wancan lokaci suka dogara da su, wato taswira da kamfas da agogo. Na nace a kan wannan sharaɗi ne domin wanda ya bi layin da GPS ta zana masa zai isa Alƙahira lafiya lau, amma ba zai gane abin da ya sa hanyar ta ci jirage da rayuka ba.

Mataki na farko: ka san dalilin da ya sa aka buɗe hanyar

A ranar 10 ga Yuni, 1940, Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, kuma kafin watan ya ƙare Faransa ta miƙa wuya. Tekun Bahar Rum ya zama wuri mai haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, ita kuwa hanyar zagayawa ta ƙarshen Afirka ta Kudu zuwa Bahar Maliya tana cin makonni masu yawa. Sai aka yi dabarar ɗauko jiragen sama a wargaje cikin manyan akwatunan katako, a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Takoradi da ke ƙasar da ake kira Ghana a yau, a harhaɗa su a can, sannan su tashi da fikafikansu su ƙetare nahiyar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma daga lokacin zuwa 1943 jiragen da aka harhaɗa a Takoradi aka tura gabas sun haura 4,000.

Ba sabuwar hanya aka sara ba. A farkon Nuwamba na 1925 jirage uku samfurin DH.9A suka taso daga Masar suka sauka a Kano ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, mutumin da daga baya, a 1941, ya zama kwamandan rundunar saman Birtaniya a hamadar arewacin Afirka, wato rundunar da take karɓar jiragen da suka biyo ta Kano. A 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano, sannan ya miƙa zuwa Legas. Filayen saukar da wannan kamfani ya yi amfani da su, su aka faɗaɗa lokacin yaƙi.

Akwai abu ɗaya na siyasa da dole ka riƙe, domin shi zai tsara maka inda za ka bi da inda ba za ka bi ba. Bayan faɗuwar Faransa, yankunanta na yammacin Afirka, ciki har da Nijar da Dahomey da Togo, sun ci gaba da biyayya ga gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta ba Jamus haɗin kai, har zuwa ƙarshen 1942. Chadi ce ta bambanta, saboda gwamnanta Félix Éboué ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, a ranar 26 ga Agusta, 1940, Kamaru ma ta biyo baya nan take. Da Chadi ta tsaya tare da Vichy, da an yanke hanyar a tsakiyarta. Saboda haka a tafiyarka, sararin Damagaram da Maraɗi da Diffa haramtacce ne, haka ma gabar Lome da Kwatano.

Mataki na biyu: manhaja da jirgi

Kana bukatar manhajar da ta ƙunshi duniya baki ɗaya. Microsoft Flight Simulator da X-Plane da FlightGear duk sun cika wannan sharaɗi. FlightGear kyauta ce, ba ta wahalar da ƙaramar kwamfuta sosai, kuma akwai Hurricane, jirgin yaƙin Birtaniya mai inji ɗaya, a cikin jiragen da ake saukewa dominta. Microsoft Flight Simulator ta fi kyan ƙasa nesa ba kusa ba, wanda yake da amfani ga mai tuƙi da ido, sai dai tana ɗauko hotunan ƙasa daga intanet a yayin tafiya, kuma zango mai awa uku zai lashe data mai yawa. Wasannin yaƙi irin su DCS da IL-2 ba su da taswirar yammacin Afirka, amma IL-2 Cliffs of Dover tana da Hurricane da Blenheim da ake tuƙawa, don haka ta dace da koyon halin jiragen kafin ka fita doguwar tafiya.

Tsarin ayarin a farkon lamarin shi ne jirgi mai inji biyu, galibi Bristol Blenheim, ya shige gaba a matsayin madugu domin shi ke ɗauke da mai duba hanya da mai rediyo, sannan jiragen Hawker Hurricane kamar shida su bi shi. Daga baya jiragen Amurka irin su Tomahawk da Kittyhawk da Maryland da Baltimore sun shigo hanyar. Idan ba ka sami ɗaya daga cikin waɗannan ba, DC-3 ma ya halatta, domin jiragen jigila irinsa sun yi zirga-zirga a hanyar tun daga ƙarshen 1941 da kamfanin Pan American ya shigo aikin. A wannan jagora zan ɗauka Hurricane kake tuƙawa kai kaɗai, kai ne madugu kai ne ɗan ayari. Sandar tuƙi mai murɗawa ta wadatar, amma tuƙi da allon rubutu kaɗai ba zai ba ka damar riƙe alkibla na tsawon awa uku ba.

Mataki na uku: ka rufe idon zamani

Shiga saituna ka kashe taswirar da ke nuna inda jirginka yake, ka kashe alamomin sunayen garuruwa, ka kashe na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ka kashe man da ba ya ƙarewa, sannan ka kunna lalacewar inji. Kada ka yi amfani da tashoshin rediyon jagora na zamani. Idan kana shirya hanya da manhajar taswira ta Little Navmap, buga taswirar a takarda ko ka katse haɗinta da manhajar, don kada ta riƙa nuna maka jirginka.

Akwai wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba: ƙasar da manhajar take nuna maka ta yau ce. Dam ɗin Kainji na 1968 ne, na Tiga na 1974, na Shiroro na 1990, kuma babu birnin Abuja na yanzu a 1940. Layin dogo bai isa Maiduguri ba sai 1964. Tafkin Nasser da ya shanye tsohon garin Wadi Halfa bai samu ba sai bayan 1960. Ka yi wa waɗannan alama a taswirarka da jan biro, kuma ka hana kanka dogaro da su. Abin da ya halatta ka dogara da shi shi ne koguna da duwatsu da tsofaffin birane da layin dogon da ya riga ya wanzu, kamar na Legas zuwa Kano da reshensa na Nguru.

Mataki na huɗu: lissafin hanya

A nan ne ainihin aikin yake, kuma a kan tebur ake yin sa kafin a kunna inji. Ma'aunin gudun Hurricane yana ƙirga mil ne a awa, don haka gara ka yi lissafinka duka da mil, kana tuna cewa mil 1 kimanin kilomita 1.6 ne. Tsawon zangunan a miƙe, bisa kusantawa, shi ne: Takoradi zuwa Legas mil 370, Legas zuwa Kano mil 520, Kano zuwa Maiduguri mil 310, Maiduguri zuwa Fort Lamy mil 135, Fort Lamy zuwa Aljunaina ta yammacin Sudan mil 510, Aljunaina zuwa Alfashir mil 190, Alfashir zuwa Khartum mil 500, Khartum zuwa Wadi Halfa mil 435, sannan kimanin mil 600 zuwa Alƙahira ta Luksor. Jimilla ta haura mil 3,500, kuma ayari yakan cinye ta cikin kimanin kwana shida idan babu matsala. Fort Lamy ita ce Njamena ta yau, wadda aka sauya wa suna a 1973.

Abu na farko da za ka gyara shi ne gudu. Abin da allura take nunawa ya gaza ainihin gudun jirgi, saboda iska tana yin sirara idan an yi sama, kuma bambancin yakan kai kusan kashi 2 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000. Idan kana tafiya a ƙafa 8,000 allura tana nuna mil 155, ainihin gudunka ya kusa mil 180.

Abu na biyu shi ne iska. Bari mu ɗauki zangon Kano zuwa Maiduguri a watan Janairu. Alkiblar da ke kan taswira digiri 092 ce, wato gabas da ɗan karkata kudu kaɗan. A ce iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, digiri 045, da ƙarfin mil 20 a awa. Tsakanin alkiblarka da inda iskar take fitowa akwai digiri 47, wanda ke nufin kimanin mil 15 na ƙarfinta suna tura ka gefe zuwa kudu, kimanin mil 14 kuma suna tare ka ta gaba. Don ka san yawan gyaran da za ka yi, raba 15 da 180 ka ninka da 60, za ka sami digiri 5. Tun da iskar ta hagu take zuwa, sai ka karkatar da hancin jirgin hagu, ka riƙe digiri 087. Gudunka a kan ƙasa ya koma mil 166, saboda haka mil 310 zai ci awa 1 da minti 52. Wanda ya ƙi yin wannan gyara zai iso daidai Maiduguri yana kusan mil 28 kudu da garin, kuma a cikin hazo ba zai ga ko alamarta ba.

Daga nan sai ka yanka layin gida-gida, kowane yanki na minti 15 zuwa 20, ka rubuta abin da kake sa ran gani da mintin da za ka gan shi. Akwai ƙa'ida mai sauƙi ta gyaran kuskure: kaucewar mil 1 bayan tafiyar mil 60 daidai take da kuskuren digiri 1. Idan bayan mil 120 ka ga ka kauce mil 6 zuwa dama, kuskurenka digiri 3 ne. Juya hagu digiri 3 ya tsayar da kaucewar, ƙarin wasu digiri 3 kuma zai mayar da kai kan layi bayan wani mil 120. Bambancin arewar kamfas da arewar taswira kaɗan ne a yankinmu a yau, amma ka duba shi a kowane zango, musamman idan ka doshi Sudan da Masar.

Mataki na biyar: zaɓen yanayi

Kada ka fara da hunturu. Tafiyarka ta farko ka yi ta da sararin sama garau da iska mai sauƙi, har hannunka ya faɗa. A karo na biyu sai ka saita watan Disamba ko Janairu, ka rage nisan gani zuwa mil 2 ko 3, ka ba hazon launin ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kano da safiyar hunturu ya kasa hango Dala daga Gwauron Dutse ya san abin da ake nufi. Daga sama lamarin ya fi muni, domin ƙasa ba ta ganuwa sai abin da ke ƙarƙashinka kai tsaye, kuma layin da ya raba sama da ƙasa yakan ɓace gaba ɗaya. Damina kuma tata fitinar daban ce: hadari yakan taso daga gabas ya yi jere kamar bango yana tafiya yamma, ga shi kai gabas ka nufa, don haka gaba da gaba za ku yi. Ƙaramin jirgi ba ya ratsa irin wannan hadari. Ko dai ka kewaye shi idan man ka ya isa, ko ka koma inda ka fito. A kowane yanayi, ka tashi da sassafe, kafin rana ta gasa ƙasa iska ta fara jijjiga jirgi.

Mataki na shida: tashi da kula da inji

Injin Rolls-Royce Merlin da ruwa ake sanyaya shi, kuma lagireton yana ƙarƙashin cikin jirgin, inda ba ya samun isasshiyar iska idan jirgi yana tsaye. Saboda haka ka gama duk shirinka kafin ka tayar da inji, ka buɗe murfin lagireto gaba ɗaya, kada ka daɗe a ƙasa. Wajen tashi, ƙara totur a hankali, domin farfela za ta ja hancin jirgin hagu, sai ka tare da ƙafar dama. Sandar da ke ɗaga tayoyi ita ce kuma take sauke filaf, tana gefen dama a cikin wata tsaga mai siffar harafin H, don haka matuƙin gaske sai ya mayar da sandar tuƙi hannun hagu kafin ya ɗaga tayoyi. Ka tuna cewa Kano tana sama da teku da kusan ƙafa 1,560, kuma a zafin watan Afrilu jirgi mai cike da mai zai ci titi fiye da yadda ya ci a Takoradi.

Man da Hurricane yake ɗauka a cikinsa bai kai galan 100 ba, kuma zangon Legas zuwa Kano kaɗai yana cin kusan awa uku, wato ya kusa shanye shi duka. Shi ya sa ake ɗaura wa jiragen ƙarin tanki biyu ƙarƙashin fikafikai, kowanne galan 44. Idan jirgin manhajarka ba shi da su, ka yada zango a Minna ko Kaduna, waɗanda dama suna cikin tsofaffin filayen hanyar. A tafiya, rage juyin farfela, ka rage wa inji mai, ka riƙe gudu tsakanin mil 155 da 160 a allura. Kowane minti 15 ka duba zafin ruwa da na baƙin mai da yawan man da ya rage, ka rubuta.

A wannan duban ne kuma za ka daidaita jairo, wato na'urar nuna alkibla da ke allon gabanka, da kamfas. Kamfas ɗin jiragen Birtaniya na lokacin yana ƙasa, bayan sandar tuƙi, kamar kwano mai murfin gilashi. Ana murɗa zoben samansa zuwa alkiblar da ake so, sannan a juya jirgi har allurar ta kwanta tsakanin layukan zoben, jan kanta yana fuskantar jar alamar arewa. Idan ka bari jan kan ya fuskanci ɗaya gefen, allurar za ta kwanta daidai tsakanin layukan, amma kai baya kake komawa. Jairo ya fi sauƙin karantawa, sai dai yana zamewa a hankali, kuma rashin daidaita shi shi ne kuskuren da ya fi ɓatar da sabon matuƙi.

Mataki na bakwai: zango bayan zango

Zangon farko mai sauƙi ne, domin gabar teku tana hagunka. Za ka wuce Cape Coast da Akra da bakin kogin Volta. Daga nan ka ja dama ka shiga teku sosai, ka bar Lome da Kwatano can nesa, kada ka dawo gaba sai daidai Badagiri. A farkon yaƙin Apapa ake sauka, daga baya aka gina filin Ikeja, wanda shi za ka samu a manhaja.

Daga Legas ka riƙe kimanin digiri 043. Awa ta farko daji ne kore wanda ba shi da alama ƙwaƙƙwara, kuma sau da yawa gajimare yana rufe shi. Babbar shaidarka ita ce kogin Kwara, wanda za ka ƙetare tsakanin Jebba da Pategi bayan kimanin mil 200. Rubuta mintin da ka ƙetare shi, ka sake lissafa gudunka na ƙasa, domin wannan ne ma'auni mafi inganci a duk zangon. Bayan haka za ka bi ta kusa da Zungeru, Minna da Kaduna suna damanka, har ka zo kusan saman Zariya. Daga Zariya layin dogo zai kai ka Kano. Ka nemi Dala da Gwauron Dutse da zagayen tsohon birni, filin jirgin yana arewa da su. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne ayarin suke kwana a nan, a duba injuna, a wanke matatar iskar da aka ɗaura ƙarƙashin hancin jirgin saboda ƙura. Wajen sauka kada ka sauke tayoyi ko filaf sai gudu ya koma ƙasa da mil 120, ka doshi titi da kimanin mil 95.

Zangon Maiduguri mun riga mun yi lissafinsa. Duwatsun Dutse da Azare da Potiskum da Damaturu duk za su kasance damanka, mil 10 zuwa 20 kudu da layi. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu a hagunka, iska ta tura ka kudu. Idan kuwa ka fara ganin fadamun Haɗeja da Nguru, ka yi arewa da yawa, kana dosar iyakar Nijar. Daga Maiduguri zuwa Fort Lamy tafiyar minti 50 ce, ta kusa da Dikwa da Gamboru, ka ratsa siririn wuyan Kamaru, ka nemi mahaɗar kogin Logone da Shari. Jamusawa sun san darajar wannan fili, domin a watan Janairu na 1942 wani jirginsu samfurin Heinkel 111 ya ƙetaro Sahara daga Libiya ya jefa masa bama-bamai, ya ƙone man da aka tara.

Man nan da ya ƙone ba da sauƙi ya isa can ba. Layin dogo ya tsaya a Jos da Nguru ta ɓangarenmu, ya tsaya a Al'ubayyid ta ɓangaren Sudan, duk abin da ke tsakani kuwa sai da motoci da raƙuma da ƙarfin leburori. Mutanen ƙasashen nan ne suka share filayen, suka fasa dutse, suka yi dakon man, kuma ba a cika ambatonsu ba idan ana ba da labarin. Idan ka danna maɓalli tankinka ya cika a Aljunaina, ya kamata ka san nisan da kowane galan ya yi.

Fort Lamy zuwa Aljunaina shi ne zangon da ya fi kowanne wuya. Alkibla kimanin digiri 079 ce, kuma alamomin da za ka samu ƙalilan ne: tafkin Fitri a hagunka bayan kusan mil 170, sai busasshen kogin Batha da garin Ati can arewa, sai duwatsun Wadai kusa da Abeshe. Ni a nan na ɓace a tafiyata ta farko cikin hazo. Na yi minti 40 ban daidaita jairo ba saboda hankalina yana kan zafin inji, ban ga tafkin Fitri a lokacinsa ba, sai na shiga juye-juye ina nemansa, na ƙone man rabin awa, daga ƙarshe na kwantar da jirgin a kan cikinsa a wani fili da ban san sunansa ba. Na daɗe zaune ina kallon allon, domin a lokacin ne na fahimci dalilin da ya sa ake shafa wa bayan waɗannan jirage farin fenti: don masu nema su iya hango su a daji. Wannan ƙasa da kake ratsawa cikin awa uku ita ce kuma alhazanmu na da suke takawa da ƙafa wata da watanni, ta Wadai da Darfur, kan hanyarsu ta zuwa Makka.

Tsakanin Aljunaina da Alfashir ka hau aƙalla ƙafa 9,000, kuma ka bar Jabal Marra a damanka, domin ƙololuwarsa ta haura mita 3,000. Garuruwan nan biyu sun sha baƙar wahala a yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, kuma ba na iya saukar da jirgi a cikinsu, ko da a kwamfuta ne, ba tare da na yi wa mutanensu addu'a ba.

Mataki na takwas: dabarar kaucewa da gangan, da abin yi idan ka ɓace

Zangon Alfashir zuwa Khartum ya dace da koyon dabarar da masu duba hanya na da suka dogara da ita. Idan ka nufi Khartum kai tsaye ka iso kogi ba ka ga birni ba, ba za ka san ko hagu za ka juya ko dama ba. Maimakon haka, ka ƙara digiri 5 a alkiblarka da gangan, don ka tabbata za ka riski Farin Nilu kudu da birnin. Da ka ga kogin sai ka juya hagu ka bi shi, ka wuce dam ɗin Jabal Auliya, wanda aka gama a 1937 don haka ya halatta ka dogara da shi, har mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Mai ƙarancin mai ya yada zango a Al'ubayyid. Wannan dabara tana aiki a Kano da layin dogo, tana aiki a Fort Lamy da kogin Logone.

Idan alama ba ta bayyana a lokacinta ba, kada ka yi abin da na yi. Riƙe alkiblarka, daidaita jairo, duba agogo, ka lissafa inda ya kamata ka kasance, sannan ka zana da'ira a wurin wadda daga tsakiyarta zuwa bakinta ya kai kashi 10 cikin 100 na tafiyar da ka yi tun alamar ƙarshe da ka tabbatar. Ka fara duban ƙasa tukuna, sannan ka nemi abin da ka gani a cikin da'irar, domin wanda ya fara da taswira yakan tilasta wa kowane tudu ya zama wanda yake nema. Idan man da ya rage bai wuce na minti 20 ba, zaɓi fili kusa da gari ko hanya ka sauka tun injin yana aiki.

Daga Khartum aiki ya yi sauƙi. Bi Nilu zuwa Atbara da Abu Hamad, inda kogin yake yin babban lanƙwasa zuwa kudu maso yamma. Kada ka bi shi, ka bi layin dogon da aka shimfiɗa a 1897 wanda ya yanke hamadar Nubiya kai tsaye zuwa Wadi Halfa. Daga nan koren zirin kogin zai kai ka Aswan da Luksor har dalar Giza ta bayyana a hagunka.

Idan kuna da yawa, ku gwada tafiyar a matsayin ayari ta intanet, mutum ɗaya ya ɗauki jirgi mai inji biyu ya riƙe taswira, sauran su bi shi suna ganinsa da ido. Madugu ya rage gudu bayan tashi har kowa ya hallara, ya ƙirga jiragensa a kowace alama, kuma ku amince tun a ƙasa a kan abin da za a yi idan injin wani ya mutu, wato wa zai zagaya ya rubuta wurin da ya sauka, da minti nawa man ayarin zai iya jira. Kowa kuma ya riƙe nasa lissafin ko da yana bin madugu, saboda hazo yana iya raba ku cikin minti ɗaya. A ƙarshen kowane zango ku rubuta lokacin tashi da na sauka da man da ya rage da nisan kaucewarku daga layi. Idan kun isa Alƙahira ku haɗa awoyin, za ku samu sun haura 20, kuma wannan ne ya sa jiragen da suka iso Masar sai an kai su garejin rundunar an duba injunansu kafin a tura su fagen daga, su kuwa matuƙan, waɗanda akwai 'yan Poland da dama a cikinsu, a kwashe su a jirgin jigila a mayar da su Takoradi su ɗauko wani ayarin.